Karan Gonar Ilu Mai Ƙasashe

Duk wanda ya yi wayo a Jajaye a shekarun tamanin, in ka ce masa Ilu, sai ya tambaye ka wane Ilun. Amma ka ce Ilu Mai Ƙasashe, kafin ka rufe baki ya fara dariya. Allah ya jiƙansa. Mutum ne ɗan firit, baƙi, mai ƙaton maƙogwaro da ke hawa yana sauka in yana magana, kuma kullum cikin magana yake. Sana'arsa gyaran keke a gindin dalbejiyar bakin kasuwa, da damina kuma ya noma 'yar gonar da ya gada a kan tudu, yamma da gari. Boko kam ko ƙofar aji bai taɓa leƙawa ba. Amma yana da wata tsohuwar rediyo da ya ɗaure da roba, yana rataye ta a reshen dalbejiyar, tun safe tana ba shi labarin duniya shi kuma yana mayar mata da amsa kamar tana jinsa. Yana yi wa tayar wani faci sai ka ji ya ɗaga kai ya ce, "Ƙarya kake! Wallahi ƙarya kake, man fetur ɗinsu kake so."

Abu biyu Ilu ya fi so a duniya, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Na farko gardama. Na biyu Hammawa.

Hammawa Bafulatani ne, sa'ar Ilu, dogo siriri, irin mutumin da in ya yi maka magana biyar a wuni to ranar ya yi surutu. Rugarsu ta damina tana can wajen Ruwan Bago. Da zarar kaka ta yi, an kai dawa rumbu, sai ya koro garkensa ya sauka a gonar Ilu, ya kafa bukkoki, ba zai tashi ba sai hadari ya fara haɗowa daga gabas. Haka ake yi a ƙasar nan tun da can: manomi ya yanke zangarniya ya bar kara a gona, shanu su ci kara, su kwana a wurin, su bar masa taki. Malam Sulle, mahaifin Ilu, shi da mahaifin Hammawa suka fara, yaran suka taso suka tarar, suka ɗora. Tare suka haƙi gafiya suna yara, tare suka sha bulala a kan mangwaron mutane. Ilu yana kiransa Agwai don tsokana, shi kuma yana ce wa Ilu Sobajo, wato aboki da Fulatanci. Duk shekara in isowar garke ta matso, Ilu ba ya iya zama. Sai ya bar kekunan mutane a kwance, ya haye tudu yana hangen hanya. Matarsa Turai takan ce ko ranar da aka kawo ta bai yi wannan rawar jikin ba.

A shekarar tamanin da bakwai Gwadabe mai tireda ya je Kano ya dawo da talabijin da bidiyo da ɗan janareta. Ya share zauren gidansu, ya toshe tagogi da buhuna, ya jera benci huɗu da tabarmi. Ranar kasuwa ana idar da azahar sai a tayar da janareta, a yi ta kallo har a kira la'asar. Na Indiya ne, na Sin ne, na Amurka ne, duk kaset ɗin da ya samo shi za a sa. Matsalar guda ce, ba mai jin abin da ake faɗa. Mutane su ga ana dariya ana rungume juna, can kuma sai a hau naushi, ba wanda ya san abin da ya haɗa su. Ilu kuwa ya yi cirani uku a Kano yana saurayi, yana sayar da rake a ƙofar silima, saboda haka shi ne masanin gari. Shi ma fa ko "zo" bai sani ba da Indiyanci. Sai dai wannan bai taɓa hana Ilu bayani ba.

Tun a mako na biyu ya miƙe tsaye a gaban jama'a, sifanarsa ta gyaran keke a hannu.

"Ku daina ganin wai wasa ne," in ji shi. "Mutanen nan ba sa wahalar banza. Labarin duniya suke ba ku a dunƙule. Kun ga wancan ƙaton mai sigari, wanda ba ya duka da hannunsa sai dai ya aika yara? To Amurka ke nan."

Shi ke nan, ƙofa ta buɗe. Mai murtuke fuska da ke fasa tebur in ya yi fushi, Rasha ne. Tsohon nan mai laushin murya da zai raɗa wa wannan magana, ya zagaya ya raɗa wa wancan, in faɗa ya kaure ya koma gefe yana goge tabarau yana kurɓar shayi, ba sai an tambaya ba, Ingila ne. Ɗan tsurut ɗin da za a yi ta jibga tun farkon fim, ya shige daji ya yi wata uku yana dukan itace, ya dawo ya watsa kowa, wannan Sin ne. Budurwar da ake rigima a kanta kuwa, ko a wane fim, ko da sari ko da siket, man fetur ce.

"To mu ina muke?" wani ya tambaya daga baya.

Ilu ya ce a yi haƙuri. Sai da aka nuno wani mai tumbi, mai fara'a, ya tara baƙi yana ta yanka musu kaji alhali ana jidar kayansa ta bayan gida, sannan ya nuna shi da sifana ya ce, "Ga mu nan." Zauren ya ɓarke da dariya, har da masu share hawaye. Daga ranar sunan Mai Ƙasashe ya bi shi.

Mutum ɗaya ne ke taka masa birki, Malam Abdulsalami na firamare, shi da ke jin Turanci. Yakan gyara zama ya ce, "Haba Ilu, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan cewa kawai ya yi a kawo masa ruwa."

"To, Malam, ruwan wa? Nasa ne? Ai ka ga abin da nake faɗa."

In an tashi daga kallo sai gardama ta koma gindin dalbejiya. Malam Abdulsalami yana bayan Rasha, wai ita ce ta talakawa. Gwadabe yana bayan Amurka, don fim ɗinta ya fi cika masa zaure. Mahauta kaf suna bayan Sin saboda duka. Ilu ba ya bayan kowa. Karatunsa ɗaya ne, kullum shi yake biyawa: babu ƙasar da ke yi wa wata don Allah. In an ba ka alkama, so ake ka manta da dawarka. In an gina maka asibiti, to ka duba abin da ke ƙarƙashin ƙasarka. Abin haushin, sau da yawa bayan wata biyu sai rediyo ta faɗi wani abu, ka rantse Ilu ta saurara. Wannan shi ya ɓata shi. Ya saba da cin gardama har ya manta akwai wadda ba a so a ci.

Da rani Hammawa ma yakan zo kallo. Ilu yana ajiye masa wuri a bakin ƙofa inda iska ke shigowa, don ba ya son cunkoso. Shi ba ruwansa da Amurka balle Rasha, dabbobi yake kallo. Ana tsakiyar harbe-harbe sai ka ji ya ce a hankali, "Dokin nan ƙafarsa ta baya tana ciwo." In aka nuno shanun Indiya sai ya girgiza kai ya ce ba a ba su kanwa. Bayan la'asar su kama hanyar tudu, Ilu yana tura keke yana sake ba shi labarin fim ɗin daga farko kamar ba tare suka kalla ba, Hammawa yana cewa "to", yana cewa "ashe". In sun isa bukka, Rabi'atu matar Hammawa ta dama musu fura da kindirmo, su zauna a kan kara suna sha, shanu suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Kai, an yi zamani. Ilu da bakinsa ya ce bai taɓa jin daɗin duniya kamar a shekarun nan ba.

Abin ya faru ne a farkon casa'in da ɗaya, lokacin yaƙin da aka yi a kan Kuwaiti. Gari ya ɗau zafi, kowa da rediyo a kunne, Ilu kuwa kasuwarsa ta buɗe, har daga garin Fulatan ake zuwa jin ta bakinsa. Ranar Gwadabe ya sa wani fim na wani ƙauye da 'yan fashi suka addaba. Sai ga wani baƙo a kan doki, ya tsaya wa mutanen, ya fatattaki 'yan fashin, aka tara masa kyauta ya ƙi karɓa, ya hau dokinsa ya yi gaba.

Malam Abdulsalami ya juyo yana murmushi. "To, Mai Ƙasashe, yau ga wanda ya yi don Allah. Wannan kuma wace ƙasa ce?"

"Amurka ce ta sake riga," in ji Ilu, ko numfashi bai ja ba. "Ku jira kashi na biyu. Zai dawo ya ce rijiyar garin tasa ce."

Ana cikin dariya sai aka ji murya daga bakin ƙofa.

"A'a, Sobajo. Akwai mai yi don Allah."

Kowa ya waiwaya ya dubi Hammawa. Shekara huɗu Hammawa yana zama a wurin nan, ba a taɓa jin ya sa baki a maganar mutane ba. Sai kuma ihu ya tashi. "Agwai ya kayar da Mai Ƙasashe! Yau an yi maganin Ilu!"

Da Ilu ya yi dariya ya bar ta a nan, da shi ke nan, da ba a sami labarin da za a bayar ba. Amma ina! Bakin nan nasa ba ya ganin fili ya ƙyale.

"Kai Agwai, har da kai? To tsaya in tambaye ka a gaban jama'a. Shekara nawa kana sauka a gonata?"

"Ashirin da biyu," in ji Hammawa. "Tun rasuwar mahaifina."

"Madalla. Don Allah kake sauka? Ko don kyawun fuskata? Karana ka gani, malam. Ni ma kashin shanunka na gani. Ni da kai Amurka da Larabawa ne, kowa ya san abin da ya kawo shi. Ranar da ka ji babu kara a gonar nan, wallahi ko ƙeyarka ba zan gani ba."

Aka kwashe da shewa, Gwadabe har da dukan benci. Hammawa ma ya yi murmushi, ya gyara sandarsa a kafaɗa.

"Haka ne, Sobajo," ya ce. "Ka fi ni sani."

Ilu ya ci gardama, ya fita yana baza riga.

Wanda bai san Fulani ba sai ya ce magana ta wuce. Hammawa bai sauya fuska ba, bai rage gaisuwa ba. Ya ƙarasa raninsa a gonar, har ya sake zuwa kallo sau biyu. Da hadari ya fara haɗowa ya kwance bukkoki, ya kawo wa Turai ƙwaryar man shanun da ya saba kawowa, ya yi sallama da kowa. Abu ɗaya ne bai yi ba. Duk shekara kalmarsa ta ƙarshe ita ce "sai kaka". Wannan karon cewa ya yi, "Allah ya sada mu da alheri." Ilu bai lura ba, yana can yana ba shi labarin jiragen yaƙi. Turai ce ta lura.

Kaka ta zagayo. Ilu ya yanke dawarsa, ya bar kara, ya haye tudu yana hangen hanya. Kwana uku, mako guda, har wata ya mutu, babu garke. Da farko cika baki ya yi. "Ban faɗa muku ba? Ɗanmaliki ya saye shi." Ɗanmaliki shi ne babban manomin yankin, mai gonaki a bakin rafi. Ilu ya hau keke ya je ya gani da idonsa, ya tarar wasu Fulanin ne daban. Ya dawo gida yana ƙunƙuni, ya tarar da Turai tana tankaɗe a tsakar gida.

Ta ajiye rariya ta ce, "Malam, yau dai zan faɗa maka, ko za ka ji haushi. Kai da ka san abin da ke cikin zuciyar Rasha, ba ka san abin da ke bayan gidanka ba."

"Me ke bayan gidan nawa?"

"Duk shekarar duniya sai Ɗanmaliki ya aika wa Hammawa goro da dammunan dawa har ruga, yana roƙo ya sauka a gonarsa. Ba shi kaɗai ba. Kowa a garin nan yana ba Fulaninsa hatsi da kanwa saboda taki, kai me ka taɓa bayarwa? Karan nan naka da kake taƙama da shi, ko wata ɗaya ba ya yi musu. Daga nan sai ya kai su kiwo can nesa, ya sake koro su da yamma su kwana a gonarka, don takin ya zuba a wurinka. Ruwa kuwa, daga tudun nan zuwa rafi ka san tafiyar, kullum sai sun yi ta. 'Yan'uwansa sun yi masa faɗa har sun gaji, shanu suna ramewa. Ya ce gonar Sobajo tsakuwa ce, in babu taki ba za ta ciyar da gidansa ba. Rabi'atu ce ta gaya mini. Shekara ashirin da biyu, Malam. Sannan ka miƙe a gaban mahauta ka ce karanka ya gani."

Maƙogwaron Ilu ya hau ya sauka. Da ƙyar ya ce, "Me ya hana ki gaya mini tuntuni?"

"Shi ya roƙa kada a gaya maka. Kuma yaushe ka taɓa yin shiru har a gaya maka wani abu?"

Kunya ta kama Ilu, irin wadda ke hana mutum cin abinci. Washegari da sassafe ya hau keke sai Ruwan Bago. Ya tarar da Goggo, tsohuwar Hammawa, a wajen ƙanensa. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta gaishe shi, ta tambayi Turai da yara ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka kawo masa nono. Ta ce su Hammawa sun yi kudu, can gaba da Zariya, wajen Kachia, wai ciyawa ta fi yawa. Ko kalma ɗaya ta zargi ba ta faɗa ba. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

A lokacin, wanda bai iya rubutu ba in yana da saƙo mai nauyi kaset yake ɗauka ya aika. Ilu ya ari rikodar Gwadabe, ya shiga ɗaki da hantsi ya turo ƙofa. Ya gai da Hammawa, ya gai da Rabi'atu, ya gai da babban ɗansu Mijinyawa, ya gai da shanu da sunayensu. Ya ba da labarin damina, da wanda ya rasu, da wanda ya yi aure. Ya ba da labarin yadda Rasha ta wargaje, kamar dai yadda ya sha faɗa a zaure. Fuska ɗaya ta kaset ta cika. Ya juya ta biyun, ya zo kan maganar da ta sa ya ari rikodar. Mutumin da ke yin awa uku yana zuba ko ruwa bai kurɓa ba, sai ga "ka yafe ni" ta tsaya masa a wuya, ta ƙi fita. Kaset yana ta juyawa a banza. Daga ƙarshe ya yi gyaran murya ya ce, "Agwai, kara yana nan. Ban taɓa ko sili ba. Duk shekara zan bar maka shi."

A ganinsa ya faɗi komai. Ya ba wani falken shanu mai zuwa kudu, sai da kaset ya yi nisa sannan ya gaya wa Turai abin da ke ciki. Ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Karan dai? Malam, karan ka sake kira masa?"

"To me zan ce? Ai zai gane."

Turai ta dube shi. Ta ɗauki tulu ta fita.

Kaka biyar Ilu yana barin kara. Maƙwabta suna tattare nasu, su yi danga, su yi girki, su ciyar da awaki, nasa yana zube a gona har gara ta cinye rabi, in lokacin sharar gona ya zo ya tara sauran ya ƙone. Wasu Fulanin sun zo sun nemi sauka, ya ce wurin yana da mai shi. Takin zamani ya yi wuya, gonar ta koma tsakuwarta, dawar da yake samu ba ta kai su rani. Bai fasa ba. Ya ci gaba da zuwa zauren Gwadabe, yana nuna Amurka yana nuna Ingila, amma armashin ya tafi, kuma wurin bakin ƙofa bai yarda kowa ya zauna ba. Ana nan sai finafinan Hausa suka fara shigowa a kaset. Yanzu kowa yana jin abin da ake faɗa, ba mai neman a gaya masa wane ne Sin. Ilu ya koma gindin dalbejiya, shi da rediyonsa da tayoyin mutane.

A kakar casa'in da shida dangar gidansa ta faɗi gaba ɗaya, awakin maƙwabta suna shigowa har madafa. Ilu ya tsaya ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce wa Turai, "Ba zai zo ba." A ranar ya fid da rai. Ya tattare karan gonar kaf, ya ɗaure, ya yi sabuwar danga, abin da ya rage ya raba wa maƙwabta. Gona ta koma fes kamar tsakar gida.

Bayan wata guda da 'yan kwanaki, yana zaune da hantsi yana gyara sarƙar keke, wani mai wucewa ya ce, "Mai Ƙasashe, ga shanu can sun cika gonarka." Ilu ya tashi a fusace ya ja kekensa zai je ya kore su. Yana hawa tudu ya hangi fararen shanu, ya hangi ana kafa bukka a daidai inda aka saba kafawa. Sai ya ga wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho, wadda ya sani tun tana karsana. Ya yar da keken ya sheƙa da gudu, tsofai-tsofai da shi.

"Agwai! Agwai!"

Dogon mutumin da ke tsaye da sanda a kafaɗa ya juyo. Tsayin na Hammawa ne, tsayuwar ma tasa ce, amma Mijinyawa ne. Ya durƙusa ya gai da Ilu, gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi amfanin gona. Ilu yana amsawa yana leƙen bayansa.

"Ina Baffan naka?"

"Baba Ilu, sai haƙuri. Baffa ya rasu da daminar nan."

Ilu ya zauna daɓas a ƙasa. Ya yi salati, ya yi addu'a. Can ya ce, "Kaset ɗina bai same shi ba ke nan."

"Ya same shi. Ya ji shi har zaren ya tsinke, muka ƙulla, ya sake tsinkewa. Duk kaka kuma sai ya sa a tambayo masa a kasuwar Rogo, wai Sobajo ya bar kara? A ce masa ya bari. Sai ya ce to, ba bana ba."

"Don me? Ai don shi nake bari!"

Mijinyawa ya sunkuyar da kai, yana zane a ƙasa da sanda. "Ya ce in ya zo da kara a gonar, maganarka ta tabbata. Jira yake shekarar da za ka kwashe, ya zo ya sauka a fili, ka gani da idonka. Da ciwo ya yi tsanani ya kira ni, ya ce in ci gaba da tambaya. Bana aka ce mana babu ko sili. Shi ne muka taso."

Ilu ya dubi gonar, fili fetal, shanu suna tsaye a kan tsakuwa ba abin da za su sa a baki. Shekara biyar yana barin kara don ya jawo amininsa, ashe karan ne ke tare shi. Ya fashe da kuka a gaban ɗan amininsa, bai ko rufe fuska ba.

Da yammacin ranar ya fara kwance sabuwar dangar. Turai ta kawo wuƙa ta taya shi yanke igiya. Ya bi maƙwabta gida-gida yana roƙon su mayar masa da abin da ya ba su, ba kunya ba nauyi. Kullum da safe sai ya lafta wa keke kara ya tura zuwa tudu. Wata rana Malam Abdulsalami ya gamu da shi a hawan, gumi ya jiƙa masa riga. Ya buɗe baki da niyyar tsokana, ya ga fuskarsa, sai ya soke littattafansa a hammata ya kama bayan keken suka tura tare.

Mijinyawa ya yi ta hana shi. "Baba Ilu, ba sai ka wahalar da kanka ba. Baffa cewa ya yi a fili."

"Shi ya gama tasa maganar," in ji Ilu, yana sauke dami. "Bar ni in yi tawa."

Ya ƙara shekaru a gindin dalbejiyar bayan haka, kuma bai daina faɗa da rediyo ba. In aka ce wata ƙasa ta kai wa wata agaji, har yanzu yakan ɗaga kai ya ce, "Ƙarya kake." Amma wancan karatun nasa na zaure bai sake biya shi ba. In matasa suka matsa masa, suka ce to Mai Ƙasashe, wai da gaske babu mai yi don Allah, sai ya ɗan daɗe yana murza taya a cikin ruwa yana neman inda take yoyo. Sannan ya ce a cikin ƙasashe dai shi bai gani ba, amma ya san mutum ɗaya.